Farin Gida, Shuɗin Hoto

An yi wani mai fenti a wata unguwa, ana ce masa Bawuya. Ba sunan yanka ba ne, bakinsa ne ya jawo masa. Ko me aka kawo gabansa, daga gyaran famfo har ciwon haƙori, amsarsa ɗaya ce: "Ba wuya." A wajen fenti kam ba a raina shi. Idan ya ja layi a gefen taga, sai ka rantse da zare aka auna. Da ya tsaya inda Allah ya ajiye shi, da ya zauna lafiya. To amma akwai mutanen da in sun iya abu ɗaya, sai su ɗauka sauran abubuwan duniya ƙannensa ne.

Ranar wata Litinin labari ya iso rumfar mai aski cewa ɗan kwangilar da ke gina sabuwar makaranta a bayan tasha yana neman mai fenti. Aji goma sha biyu, da ofis, da katanga, duk fari ƙal ake so. Sharaɗinsa ɗaya ne: duk mai son aikin ya kai masa hoton wani gida da ya taɓa shafawa, kafin azahar ɗin Alhamis.

Rabon Bawuya da babban aiki wata huɗu ke nan. Sai ƙofar shago, sai ƙafar tebur, har buroshinsa sun fara ƙeƙashewa a bokiti. Aikin nan kuwa in ya faɗo, shekarar gidansa ta yi kyau. Kuma yana da abin nunawa, wato gidan Gwaggo Nas da ke fuskantar rumfar mai aski. Gwaggo Nas ta yi shekara talatin a asibiti cikin farin kaya kafin ta yi ritaya, kuma ba ta yarda akwai wani launi na mutanen kirki ba in ba fari ba. Sau uku ta sa shi ya sake shafa bangon gaba kafin ta ce ya yi. Har masu babur da gidan suke kwatance. A makon nan ta tafi wajen 'yarta da ta haihu, ba a sa ran dawowarta sai Asabar.

Da ya kai labarin gida, matarsa, Maman Biyu, tana tsaye tana guga. Ta ce, "Maigida, je ka kira mai hoto na bakin titi ya ɗaukar maka. Aikin minti biyar ne."

"Wa? Wanda ya yi mini hoton katin shaida na fito kamar ana cigiyata?"

"Ai haka kake ranar."

Ya buɗe kabad ya zaro wata 'yar kyamara ruwan azurfa, girmanta kamar sabulun wanka. Ƙanin Maman Biyu ne ya bar musu ita da ya sayi babbar waya. Ta miƙo masa ɗan littafin da ke cikin kwalin.

Ya ce, "Littafi na masu koyo ne. Hoto ai fenti ne da ba a wanke buroshi. Ba wuya."

Ya zauna bakin gado ya kama danne-danne. Wasu 'yan zane-zane suka fito a gilashin bayanta. Ya ga hoton ƙwan fitila, ya ce wannan na ƙarin haske ne, farin gida kuwa haske yake so. Ya danna. Ya ga hoton fure, ya ce wannan na ƙawata abu ne. Ya danna. Ya rataya igiyarta a wuya, ya fita yana tafiyar ƙasaita.

A tsakiyar titi ya tsaya, ya ware ƙafafu, ya runtse ido ɗaya ko da yake ba ramin leƙawa a jikinta, ya danna. Sannan ya tsallako rumfar mai aski ba tare da ya duba abin da ya ɗauka ba.

"Ku zo ku ga aiki."

Mai aski ya ajiye almakashi. Mai shagon da ke maƙwabtaka da shi, wani dattijo mai kaurin tabarau, ya leƙo. Har mutumin da ake wa aski ya taso da rabin kai.

Gidan da ke cikin gilashin shuɗi ne, shuɗi irin na ruwan bula, kuma dishi-dishi, ba ka bambance taga da ƙofa.

Mai aski ya ce, "Gwani, a ƙarƙashin ruwa ka ɗauke shi?"

Mai shago ya ce, "Ni hayaƙi na gani. Ko gobara aka yi?"

Mai rabin kai ya ƙura ido ya ce, "A'a, wannan ai hoton ciki ne irin na asibiti. Malam, mace ce ko namiji?"

Rumfa ta ɗauki dariya. Bawuya ya ji abin a ƙirjinsa, amma bai bari ya hau fuskarsa ba. Ya ce, "Ba ku san hoto ba. Sabon hoto kamar ɗanyen fenti ne, sai ya sha iska launinsa yake fitowa." Ya ɗora kyamarar a kan benci cikin rana, ya zauna yana yi mata fifita da hula. Bayan awa ɗaya ya duba. Gidan yana nan a ƙarƙashin ruwa, sai dai yanzu kyamarar ta yi zafi kamar dutsen guga.

Talata da sassafe ya fito da tsani, da igiya, da sabuwar dabara. Ya ce zai fara da dishi-dishin, launi ya biyo baya.

Mai aski ya ce, "Hannunka ne ke rawa."

"Hannuna? Hannun da ya ja layin tagar nan? Ƙasa ce ke rawa. Manyan motocin nan ne."

Ya kafa tsani a tsakiyar titi, ya ɗaure kyamarar a mataki na huɗu, ya sa mai aski ya riƙe ƙafa ɗaya, mai shago ya riƙe ɗaya. Sannan ya ɗaga hannu ya tsai da motar bulo da ke tahowa. Bayanta tasi biyu suka tsaya, bayansu babura. Aka cika unguwa da hon.

Direban motar bulo ya leƙo ya ce, "Kai, lafiya? Gawa za a wuce da ita?"

"Kashe injin! Hoto ake ɗauka. Kowa ya riƙe numfashi."

"Hoton uban wa?"

Bawuya ya danna, ya kwance tsani da sauri saboda direban ya fara buɗe ƙofa. Da suka koma rumfa aka duba, gidan bai motsa daga cikin hazonsa ba.

Bawuya ya juya kyamarar ya kalli idonta, sai ya ga shatin babban yatsansa a kai. Ya zaro tsumman aikinsa daga aljihu, tsumman da ya sha mai da fenti tun bara, ya goge sosai. Da ya sake ɗauka, hazon ya samu ƙarin wani baka mai launi-launi a gefe.

Ya juya ya ƙura wa mai shago ido. Mai shago ya ja baya, don ya san irin kallon.

Bawuya ya ce, "Baba, in ka cire tabaran nan, yaya kake ganin gidan can?"

"Dishi-dishi."

"Shi ke nan! Ciwonku ɗaya. Kyamarar nan ta kwana biyu a kabad cikin duhu, idonta ya raunana. Ara mini."

"In ara maka idona?"

"Minti biyu."

Ya ɗaure tabaran a gaban kyamarar da robar ɗaure kuɗi. Minti biyu suka zama awa biyu. Ya gwada gilashin dama, ya gwada na hagu, ya kifa, ya juya. A cikin wannan lokacin mai shago ya auna wa wata mata gishiri a madadin sukari, ya ba wani mai ciwon kai ƙullin bula, ya kuma gai da buhun gawayi da "sannu da zuwa, Hajiya." Sai da matar gishiri ta dawo da kofin shayin mijinta a hannu tana neman wanda za ta watsa wa, sannan tabarau ya koma hancin mai shi.

Da yamma Bawuya ya jingina da bangon Gwaggo Nas, ransa a jagule, kyamarar na lilo a hannunsa. Bai ankara ba yatsansa ya danna. Da ya duba sai ya yi ihu. Wata tururuwa ce ke hawan bango, ta fito tar, har ana ƙirga ƙafafunta.

"Na gano! Ba ta son nesa. Kunya gare ta, sai an matso."

Mai aski ya ce, "To sai ka kai wa ɗan kwangila tururuwa."

"A'a. Zan ɗauki gidan taƙi-taƙi, in haɗa su kamar tayil."

Haka ya fara daga kusurwar hagu, hancinsa kusan yana gogar bango, yana ɗauka yana matsawa. Ya ɗauki ɗari uku da wani abu kafin kyamarar ta rubuto cewa katinta ya cika, kuma ko tagar farko bai kai ba. Ya kawo rumfa yana nunawa ɗaya bayan ɗaya. Kowane hoto shuɗin fili ne, babu komai a ciki.

Mai aski ya ce, "Wannan ina ne?"

"Gefen hagu."

"Wannan fa?"

"Maƙwabcinsa."

"Allah ya bar zumunci. Kamarsu ɗaya."

Laraba ta waye saura kwana ɗaya. Bawuya ya zauna a ƙofar ɗakinsa yana goge shuɗayen hotuna ɗaya-ɗaya, Maman Biyu tana wanki a gefe. Ta ce, "Maigida, har yanzu mai hoto bai ƙaura ba. Girman kai ba ya shiga tukunya."

"In je gabansa bayan duk unguwa ta gan ni a kan tsani? Ya ce na kasa?"

"Ai ka kasa ɗin."

Don ya nuna mata ba ya ji, sai ya ɗaga kyamarar ya ɗauki tsakar gida. Komai ya fito shuɗi kamar kullum, har farin zanin gadon da ke kan igiya. Amma abu ɗaya ya fito fari: tsohon bokitin robarta, ruwan goro, wanda rana ta cinye launinsa ya koɗe.

Bawuya ya miƙe tsaye a hankali. Ya kalli bokiti, ya kalli gilashi. Ya ji kansa ya yi girma har hularsa ta matse.

"Maman Biyu, shekara ashirin ina haɗa launi. In fenti ya yi shuɗi da yawa, me ake ɗiga masa ya kwanta?"

"Ni na sani?"

"Ruwan goro! Shi ne maganin shuɗi. Dubi bokitinki."

"To sai ka ɗiga wa kyamarar."

"Kyamara ba ta shan fenti. Bango ne ke sha."

Ta tsame hannu daga kumfa. "Wane bangon?"

Ya jawo manyan bokitan farin fenti guda biyu da ya ɓoye a bayan ƙofa tun aikin Gwaggo Nas, ya ɗiga ja, ya ɗiga ruwan ƙwai, ya juya da sanda. Ya shafa a wani katako, ya ɗauka. Shuɗi-shuɗi. Ya ƙara. Ya ɗauka. A karo na biyar katakon ya fito fari a hoto, fari kamar auduga, alhali a ido launin cikin gwanda ne.

Ya kwasa da gudu zuwa rumfa. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Mai shago ya gyara tabarau ya kalli katako, ya kalli gilashi, ya ce, "Ikon Allah." Wannan kalmar ita ta ƙarasa Bawuya, don mai cika baki ba abin da ke halaka shi kamar ya yi daidai sau ɗaya.

Maman Biyu ta biyo shi har titi, hannunta da kumfa. "Gidan Gwaggo za ka taɓa? Matar da ta kore ni gida in sake wanke hannu kafin in taɓa labulenta?"

"Sai Asabar za ta dawo. Yau in shafa, gobe in ɗauka, Juma'a in mayar fari. Bango ba ya magana."

"Unguwa tana yi. Kuma da me za ka mayar? Duk farin ka zuba wa ja."

"In kwangila ta faɗo, fari har sai mun yi wanka da shi."

Ta ce, "Garin gyaran gira," ba ta ƙarasa ba, ta juya ta koma wankinta.

Aiki kam ya yi aiki. Rola na hawa tana sauka, ko ɗigo bai zuba a ƙasa ba. Kafin la'asar gaban gidan Gwaggo Nas, daga rufi har tushe, ya zama launin cikin gwanda. Mutane suka yi cirko-cirko a titi. Wata tsohuwa ta ce ko Gwaggo ta rasu ne an sayar da gidan, har ta fara salati. Masu babur suka dinga wucewa da fasinja har ƙarshen layi suna dawowa, suna tambaya ina farin gidan da ake shan kwana a gabansa. Wani mai kawo iskar gas ya zagaya unguwa sau uku da tukunya a kafaɗa, daga ƙarshe ya zauna a kanta yana zagin wanda ya yi masa kwatance.

Bawuya ya ja baya ya ɗauka. Gida ya fito fari. Dishi-dishi dai yana nan, sararin sama kuma ya zama kamar tawada, amma gida fari ne.

Mai aski ya ce, "Hazon fa?"

"Wannan taushi ne. Manyan mutane ba sa son hoto mai kaifi."

Alhamis da hantsi ya fito cikin farar rigar aikinsa da aka goge. Ya ƙara wa ƙasan bangon shafa ta biyu, sannan ya ce dole shi ma ya shiga hoton, kada wani ya ce ba aikinsa ba ne. Ya ba mai aski kyamara, ya hau tsani, ya riƙe rola kamar sandar girma, ya yi murmushi.

Mai aski ya danna, ya duba, ya ce, "Inna lillahi. Gwani, kamar an tsamo ka daga rijiya bayan kwana uku."

Bawuya ya sauko ya gani. Fuskarsa ta yi toka-toka mai shuɗi, rigarsa shuɗiya, haƙoransa kamar ya tauna bula. Amma yanzu yana da magani a hannu. Ya tuɓe rigar ya shimfiɗa a ƙasa, ya bi ta da rola gaba da baya, ya mayar jikinsa tana ɗanya. Ya kwaɓa garin launi da man shafawa a tafin hannu, ya mulke fuska da wuya da kunnuwa.

Mai shago ya ce, "Haƙoran fa?"

Mai aski ya ce, "Su kam sai dai ya rufe baki."

"Wannan shi ne mai wuyar," in ji wata mata a cikin taron, don yanzu titi ya cika, har da masu leƙe ta saman katanga.

Ya sake hawa tsani, ruwan goro daga goshi har gwiwa, baki a rufe. A daidai lokacin wata tasi ta shigo layin a hankali, ta wuce. Can ta juyo, ta sake wucewa. A karo na uku ta tsaya, ana jin murya daga ciki.

"Na ce maka farin gida! Kurma ne kai?"

"Hajiya, sau uku ke nan. Ga rumfar aski, ga shago, lamba sha huɗu ce a jikin ƙofa. Ni dai nan zan sauke ki."

Ƙofar baya ta buɗe. Lema ta fara fitowa, sannan farin takalmi, sannan Gwaggo Nas. Jariri lafiya, uwa lafiya, ita kuwa ba ta ga abin zama a gidan suruki ba. Taron ya dare mata hanya ba tare da an roƙa ba.

Ta tsaya ta kalli lambar ƙofa. Ta kalli bango daga sama har ƙasa. Ta kalli abin da ke kan tsani.

"Wane ne wannan?"

Mai aski ya ɓoye kyamara a bayansa ya ce, "Sannu da zuwa, Gwaggo. Ya mai jego? Ya jariri?"

"Ba gaisuwa na tambaye ka ba. Mene ne wancan a kan tsani?"

Bawuya ya buɗe baki, fararen haƙora suka bayyana a cikin ruwan goro. "Ni ne, Gwaggo. Barka da hanya. Ai sai Asabar muka sa ran..."

"Ina gidana?"

"Yana nan, ranki ya daɗe. Yana ƙarƙashi. In kika duba a hoto ma fari ne ƙal."

"A hoto zan kwana?"

Kafin ya sami amsa, farar kyanwarta da ta bar wa mai shago ajiya ta ji muryar uwar ɗakinta. Ta fito da gudu, ta bi gindin bango tana goga jiki a ɗanyen fenti don murna, ta iso ta nannaɗe ƙafar Gwaggo. Rabin kyanwa fari, rabi gwanda. Farin takalmin ma ya samu rabonsa.

Ana wata ga wata. Wata babbar mota ta tsaya bayan tasin, wani mutum mai tumbi ya fito da ƙatuwar waya a hannu. Ɗan kwangila ne. Ya dubi jama'a ya ce, "Salamu alaikum. Don Allah ina farin gidan da ake ta ba ni labari? An ce a layin nan yake. Masu fenti sun cika mini ofis da hotunan gidajen da ba su taɓa gani ba, na ce gara in zo in ga wannan da idona. In ya kai yadda ake faɗa, mai shi ya fara aiki Litinin."

Gwaggo Nas ta ɗaga lema ta nuna bangon, sannan ta nuna tsani.

Ɗan kwangila ya ɗaga kai. "Wannan mutum ne?"

"Ranka ya daɗe," in ji Bawuya, yana saukowa da baya, rigarsa na manne wa kowane mataki, "akwai bayani. Kyamarar ce ke da lalura. Tana ganin fari shuɗi. Shi ne na daidaita mata gidan."

"Ka daidaita mata gidan."

"Ƙwarai. Ilimin launi ne."

Hayaniyar ta kai bakin titi, har mai hoto ya rufe shagonsa ya zo kallo. Wani siririn mutum ne marar yawan magana. Ya miƙa wa mai aski hannu, mai aski ya ba shi kyamarar da saurin wanda ya gaji da riƙon amana. Ya kalli gilashin, ya ɗan yi murmushi.

Ya ce, "Wa ya sa mata ƙwan fitila?"

Bawuya ya ce, "Ni. Don ƙarin haske."

"Wannan na cikin ɗaki ne, in fitila mai jan haske ce ke ci. Sai ta ƙara shuɗi don ta kashe jan. In ka fito rana da shi, komai sai ya koma bula." Ya danna sau biyu, ƙwan fitila ya tafi, hoton rana ya zo. "Furen fa?"

"Don ƙawa."

"Na ɗaukar abu ne kusa-kusa, kamar fure ko zobe. In yana kunne ba ta ganin nesa." Ya danna, fure ya ɓace. Ya hura wa idon kyamarar iska, ya goge da wani lallausan ƙyalle daga aljihunsa, ya duba ƙyallen ya girgiza kai. Sannan ya ja baya taku uku, ya manne gwiwoyin hannunsa a jiki, ya danna.

Duk abin bai kai minti ɗaya ba.

Kyamarar ta dinga yawo daga hannu zuwa hannu, duk wanda ta je wa sai ya riƙe ciki. Hoto ya fito tar. Sama ruwan sama, ƙofa koriya, gida launin cikin gwanda. Ga Gwaggo Nas da lema a sama. Ga kyanwa mai launi biyu. Ga Bawuya a gindin tsani, launinsa ɗaya da bango, in ba don idanu da haƙora ba sai ka ce riga ce aka rataye.

Ɗan kwangila ya daɗe yana kallo. Sannan ya je ya shafa bangon a inda ya bushe, ya duba gefen taga. Ya ce, "Yaushe ka yi wannan?"

Bawuya ya gyara tsayuwa. "Jiya kawai, ranka ya daɗe. Ni kaɗai."

"Hannu kam akwai. Da na tarar da shi fari, da ko hoto ban tambaya ba." Ya miƙa wa mai hoto kyamarar. "Amma in na ba ka makaranta, wata rana allo ya yi maka duhu, sai in zo in tarar ka shafe yaran. Sai anjima, Hajiya. Allah ya ba ki haƙuri."

Motar ta juya ta tafi, ƙurarta ta lafa a kan ɗanyen fenti.

Gwaggo Nas ta sa direban tasi ya fito mata da kujera daga rumfar mai aski, ta kafa ta a inuwa tana fuskantar gidanta, ta zauna, ta ɗora lema a cinya.

"Ka ce gidana yana ƙarƙashi."

"Yana nan, Gwaggo."

"Tono mini shi."

Maman Biyu ta ratso taro ta ajiye masa bokitin ruwa da soso da abin kankara a gabansa, ta koma.

Bawuya ya ɗauki soso. Ya taka matakin farko na tsani, sai ya tsaya, ya juyo wajen mai hoto a hankali ya ce a ƙara nuna masa hoton. Aka nuna masa. Ya ƙura ido, ba kansa yake kallo ba, ba kuma kyanwa ba. Sai fuskarsa ta washe a ƙarƙashin man.

"Kai, jama'a, ku dubi layin tagar nan! Ko ɗigo babu. Malam, wanko mini guda biyu."

Gwaggo Nas ta buga gindin lema a ƙasa.

Ya hau.